Jawabin maraba ga Mai girma Gwamna a unguwar Hausawa ta Banyo, ƙasar Kamaru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamnan yankin Adamawa, Mai martaba Lamiɗon Banyo, Allah ya ja zamaninka, malamanmu, iyayenmu maza da mata, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, a madadin dattawan wannan unguwa nake cewa lale marhabin, sannu da hanya. Ko kuma, da bakin maƙwabtanmu Fulani, jaɓɓama. Mun san irin ƙurar da ka sha kafin ka iso, kuma zan dawo kan wannan magana.

Nan da kake zaune zango ne tun asali. Da Fulani suka kafa sarauta a wannan ƙasa ta Wutawa, ƙarƙashin tutar Modibbo Adama, sai kakanninmu suka biyo sawu daga Kano, Katsina da Zazzau, wasu ta Yola, wasu ta Gashaka. Fatake ne. Su zo da kanwa da riguna da turkuɗi, su koma da hauren giwa da goron Banso, wanda 'yan alaro ke hawowa da shi daga kudu. Madugu ya sauka da niyyar kwana bakwai, damina ta tsare shi, ya yi aure, shi ke nan ya zama ɗan gari. Haka yawancin gidajenmu suka samo tushe. Malamai, mahauta, wanzamai da dukawa suka biyo baya, har yau kuwa in ka ji laƙabin gida, ka san sana'ar kakansa.

Mun ga zamani iri-iri. Jamus ta shigo a 1902. A watan Nuwamban 1915 sojojin Ingila suka fatattake su daga kan dutsen can da kake hangowa, kufan ginin Jamusawan na nan har yanzu, yaranmu na hawa su gani. Abin da ya fi taɓa mu shi ne rabon ƙasa da ya biyo baya: Banyo ta faɗa hannun Faransa, Gashaka ta faɗa hannun Ingila, sannan ƙuri'ar 1961 ta kai Gashaka da Mambila cikin Najeriya. Wa yana nan, ƙane yana can. Tsofaffinmu sukan ce su ba su tashi daga ko'ina ba, iyaka ce ta zo ta same su.

Ranka ya daɗe, unguwar da hanya ta haifa, da hanya take numfashi. Idan damina ta kankama, motar kaya da ta taso daga Fumban ko Tibati takan kwana cikin taɓo, goro ya lalace a huhu, kuɗin mota ya hau, mai naƙuda ta wahala. Kokenmu na farko ke nan, a duba mana wannan hanya. Na biyu ƙarami ne: masu riƙe da tarihin nan a ka suna ta ƙarewa, wasu takardun ajami kuma gara na cinye su cikin adaka. Muna roƙon a taimaka wa matasanmu su tattara su.

Ga huhun goro, irin tarbar da muka gada. Allah ya mayar da kai Ngaundare lafiya. Wassalamu alaikum.