Sharhi: Wa ke da ikon ɗaga murya a Japan?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Idan ran mutumin Japan ya ɓaci yakan ce hara ga tatsu, wato cikinsa ya miƙe. In tura ta kai bango sai a ce kireru, igiya ta tsinke. Tsakanin biyun akwai doguwar hanya da suke kira gaman: a haɗiye, a daure. Ɗalibin jami'a a wannan hanya yake wuni. Wanda ya riga shi shiga ƙungiyar wasanni da shekara ɗaya tak zai iya yi masa tsawa a gaban mutane, shi kuma ya rusuna ya ba da haƙuri.

Saboda haka masu cewa Japanawa ba sa fushi ba su lura ba ne. Suna yi. Abin tambaya shi ne wa aka yarje wa ya nuna. Binciken da masanin halayyar ɗan Adam Shinobu Kitayama da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya gano cewa a Amurka masu yawan bayyana fushi sun fi nuna alamun haɗarin ciwon zuciya, amma a Japan sun fi ƙoshin lafiya. Kada wani ya ɗauka tsawa magani ce. Masu binciken sun ce a Japan babba ne ke da damar yin ta, matsayinsa ne ke tafiya da lafiyar.

Na ƙasa kuwa, haushin kaza huce kan dami. Ana saukewa a kan mai jiran kanti ko ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. Shi ya sa aka shiga yin dokoki: daga Yunin 2020 aka wajabta wa manyan kamfanoni hana shugabanni cin zarafin na ƙasa da su, ƙanana suka biyo baya a Afrilun 2022, birnin Tokyo kuma ya fara aiki da dokar hana masu sayayya muzguna wa ma'aikata a Afrilun 2025.

A Jami'ar Nagoya an gwada wata dabarar huce fushi da aka wallafa a 2024. Aka sa ɗalibai rubutu, aka kushe musu shi da gangan, sannan aka ce su rubuta abin da ya ɓata musu rai. Waɗanda suka jefa takardar a kwandon shara, ko suka sa ta a injin yayyagawa, fushinsu ya sauka kusan yadda yake kafin a kushe su. Waɗanda suka adana tasu, kaɗan nasu ya ragu.