Amsoshin Tambayoyinku: Daga Inci Zuwa Desimita

Masu sauraro, lokaci ya ja, don haka za mu taƙaita wasu amsoshin. Wani tela daga Kasuwar Wunti a nan Bauchi yana tambayar inci nawa ne a yadi ɗaya. Inci 36 ne, maigida, kuma a rubuce yake a jikin tef ɗin da ke rataye a wuyanka kullum. Wani kuma daga Azare ya koka cewa talabijin mai inci 32 da ya saya bai kai hakan a faɗi ba. Ba a cuce ka ba, Malam, domin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi.

Tambayar da ta fi yawa a wannan mako ta ɗalibai ce daga Misau da Ningi da Toro, waɗanda ke son sanin yadda ake mayar da inci zuwa desimita, wato awon tsawo da ya kai santimita 10. Mun miƙa ta ga malamin lissafi da ke tare da mu.

Malam ya fara da tarihi, ya ce inci awon Turawan Ingila ne, kuma a 1959 ne Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suka amince cewa inci ɗaya santimita 2.54 ne cif. Ya ƙara da cewa mazubin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk desimita ɗaya ne, ruwa lita ɗaya yake ci.

Allah ya ƙara basira, Malam, amma ɗalibai hanyar lissafin suke jira. Santimita 10 ce ke cikin desimita ɗaya, saboda haka inci ɗaya desimita 0.254 ne. A ninka yawan incin da 0.254. Ina maimaitawa domin masu rubutawa: a ninka da 0.254. Inci 12, wato ƙafa ɗaya, desimita 3.048 ne, yadin telanmu kuwa desimita 9.144.

Ɗiyata daga Toro, kin rubuto cewa inci 10 desimita 25.4 ne. Gaggawa kika yi, domin wannan amsar santimita ce. Daidai ita ce 2.54. A ganina abin da zai hana ki sake wannan kuskure shi ne ki riƙa tuna cewa desimita ɗaya ta kusa inci 4, don haka dole amsarki ta gaza adadin incin da kika fara da shi. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.