Daga Garwa: ledar maganin Baba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ɗan Kanonku ne daga Garwa, arewacin Kamaru. Ku yi haƙuri da ƙarar babura, zafin Afrilun nan ya haura 40, inuwar dalbejiyar bakin titi kaɗai na samu.

Yau ba kasuwa za mu shiga ba, maganar tsofaffinmu ce masu fama da ciwo fiye da ɗaya. Dattijon da nake haya a gidansa, Baba muke ce masa, yana da hawan jini, da ciwon suga, ga gwiwoyi da suka mayar da sallarsa kan kujera. Ya yarda in nuna muku ledar maganinsa, fuskarsa ce dai ya ce a'a.

Bari in matso da kyamara. Wannan amlodipine ne, na hawan jini. Waɗannan biyun, metformin da glibenclamide, na suga. Wannan ƙaramin fari furosemide ne, mai sa fitsari. Wannan kuwa da ba shi da kwali diclofenac ne, jikansa ke sayo masa wurin masu tebur a kasuwa in gwiwa ta tashi. Ga kuma gorar jiƙo da wani aminin masallaci ya ba shi. Kowane magani da wanda ya ba da shi, kuma babu wanda ya san da na ɗan'uwansa.

Da jiri ya fara kayar da shi, sai muka kai shi wurin wata likita, ba ta zuciya ko ta ƙoda ba, irin wadda ke duba mutum gaba ɗayansa. Ta karɓi karne ɗinsa, wato littafinsa na asibiti, ta karanta daga shafin farko, sannan ta ce, "Baba, a juye min ledar nan duka a tebur." Ta tambaye shi wanne ya fi hana shi sakat. Ni na zaci suga zai ce. Sai ya ce gwiwa, da tashin fitsari cikin dare.

Ga yadda ta warware mana abin. Amlodipine kan kumbura ƙafa. Wani ya ga kumburin ya ƙara masa furosemide. A zafin Garwa, tsoho mai gumi da maganin fitsari a jikinsa, ruwa ya ƙare, in ya miƙe sai jiri. Shi kuma diclofenac yana tayar da jini, yana cin ƙoda a hankali. Ƙoda in ta yi rauni dole a rage metformin, kuma glibenclamide ya daɗe a jiki ya kayar da suga ƙasa, balle Baba ba ya barin azumin Litinin da Alhamis. Kun gani, an kashe maciji ba a sare kansa ba, kowa ya yi maganin abin da ya gani a ranar.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2012 mujallar Lancet ta buga wani bincike na Sikotilan kan mutum sama da miliyan 1.7, aka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna da ciwo mai daɗewa biyu ko fiye, kuma a unguwannin talakawa abin yana riga zuwa da shekara 10 zuwa 15. Ƙa'idojin likitoci kuwa yawanci cuta ɗaya-ɗaya aka rubuta su. Shi ya sa a 2016 hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idoji, ta fitar da ƙa'ida ta musamman: a tambayi majinyaci abin da ya fi damunsa, a duba maganin da ya zama nauyi.

Likitar nan ta sa an auna ƙodar Baba, da gwajin HbA1c mai nuna sugan wata uku. Ta cire diclofenac ta ba shi paracetamol, ta ce sauran za ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya don ta san abin da kowanne ya canza. Don Allah kada wani ya ji wannan ya je ya zubar da maganin mahaifinsa da kansa. Ƙodar Baba ta fi ba likitar tsoro. Tun 2023 gwamnatin Kamaru ta mayar da wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara, amma zama a kan na'ura awa huɗu, mako bayan mako, ba abin da za ka so wa dattijo ba ne.

Hajiya, matar Baba, ita ma ta sha nata faɗan kan gishiri da dunƙulen Maggi a miya. Jiri ya ragu, Alhamdu lillahi. Baba dai har yau mita yake yi, wai ya biya kuɗin ganin likita, ba ta yi masa ko allura ɗaya ba, ta ma ƙwace masa magani.