Yadda ake shiga mujallun jami'a daga gida, da inda abin ke sarƙewa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau na ɗalibai ne da malaman jami'a, musamman masu fama da kundin digiri na biyu da na uku.

Ɗalibi yana cikin harabar makaranta, ya buɗe maƙala a shafin mujallun ilimi irin su ScienceDirect ko JSTOR, ta sauka salin alin. Da dare ya koma gida, ya kunna datar wayarsa, ya nemi maƙalar nan dai, sai shafin ya ce a biya dala talatin ko fiye. Da yawa a nan suke haƙura, alhali jami'arsu ta riga ta biya kuɗin shekara.

Dalilin shi ne, kamfanonin da ke wallafa mujallun ba su san fuskar kowa ba. Lambar adireshin intanet ta jami'a, wadda ake kira IP, ita suke ganewa, domin ita ɗakin karatu ya ba su lokacin ƙulla yarjejeniya. Wanda ya zo ta layin MTN ko Airtel da wata lambar daban ya zo, don haka baƙo ne.

Maganin da ya fi daɗewa shi ne manhajar EZproxy, wadda Chris Zagar ya ƙirƙira a Amurka a 1999, kamfanin OCLC ya saye ta a 2008. Aikinta na ɗan aike ne. Ka shiga shafin ɗakin karatu, ka sa sunanka da kalmar sirri, sai ita ta je wurin mawallafi da lambar jami'a ta ɗauko maka takardar. Alamar cewa kana kan hanya tana saman burauza: adireshin mujallar zai canja, ɗigo-ɗigon cikinsa su koma 'yan gajerun layuka a kwance (-), sunan jami'arka ya maƙale a ƙarshe. Idan sunan nan ya ɓace, ka fice ba ka sani ba. Hakan ya fi faruwa ga wanda ya faro bincike daga Google, ko ya danna mahaɗin da aboki ya turo masa. Sai ya koma ta shafin ɗakin karatu, ya liƙa DOI, wato lambar shaidar maƙalar, a can.

Akwai kuma tsarin OpenAthens da Shibboleth, inda shafin mawallafin ne zai tambaye ka sunan makarantarka, ya tura ka can ta shaide ka. Wasu jami'o'in Najeriya kuwa MyLOFT ko RemoteXs suke amfani da su. Research4Life, tsarin samar wa ƙasashe masu tasowa mujallu, wanda ya faro da shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, shi ma makaranta ce ke rajista, ma'aikacin ɗakin karatu ya ba da bayanan shiga.

Ba kullum laifin ɗalibi ba ne. Jami'a kan canja kamfanin da ke ba ta intanet, lambar IP ta canja, a manta ba a sanar da mawallafa ba, sai kowa ya tsaya cik. Takardar shaidar tsaron uwar garke, wato na'urar da EZproxy ke kanta, kan ƙare, burauza ta fara jan kunne da jan rubutu. Mawallafi kan sauya adireshin shafinsa, alhali fayil ɗin saitin EZproxy yana riƙe da tsohon. Ga kuma wutar lantarki: in na'urar tana cikin harabar makaranta, janareta ya mutu ranar Asabar, to sai Litinin.

Amma babbar ɓarnar ita ce rabon kalmar sirri a zaurukan WhatsApp. Mai yi yana ganin taimako ne. Ku tuna fa, mawallafi lamba ɗaya tak yake gani, ta uwar garken jami'a. Idan kalmar ta faɗa hannun mai kwasar dubban maƙalu da manhaja, ba zai tsaya bambance ɓarawo da farfesa ba, lambar zai toshe, abin ya shafi kowa. Ko babbar cibiyar MIT ta Amurka ta ɗanɗana: a 2010 JSTOR ya rufe mata ƙofa na 'yan kwanaki, lokacin da wani matashi masanin kwamfuta, Aaron Swartz, ke sauke miliyoyin maƙalu ta layinta. Shi ya sa masu kula da na'urar ke ƙayyade yawan abin da mutum ɗaya zai sauke cikin 'yan mintuna, su kuma bibiyi rajistar shiga, don asusun da ya bayyana a Zariya da safe, bayan awa ɗaya ya ɓulla a wata nahiyar, an sace shi.

Wanda abin ya ƙi masa, kada ya tura wa ɗakin karatu saƙon "ba ya aiki" kawai. Ya ɗauki hoton allon da adireshin saman ya fito sosai, ya rubuta sunan mujallar, shekarar fitowarta da lokacin da ya gwada. Shekarar tana da muhimmanci, domin sau da yawa jami'a wasu shekaru kawai ta biya wa, tsofaffin fitowa ba sa ciki.