Ungozomar da za ta kwana a garin

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu unguwanni, malamai, iyaye mata da ƴan uwana ma'aikatan lafiya, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda za a sake tsara aikin ungozoma a karkara domin mai ciki ta samu kulawa yadda ya kamata. Toh ni dai ra'ayina guda ne kuma shi zan ta juyawa har in sauka: ba gini ne ya fi damun mu ba, abin da ya fi damun mu shi ne idan naƙuda ta tashi ƙarfe 2 na dare, akwai ungozoma a garin ko babu, kuma matar ta san ta ko ba ta san ta ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a duk haihuwa 100,000 a Najeriya mata 512 ne ke rasuwa, kuma kashi 39 cikin 100 ne kawai ke haihuwa a asibiti, mu nan Arewa maso Yamma kuwa ko kashi 20 ba mu kai ba. Abubuwan da ke kashe su mun san su sarai, zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, sai ƙwayoyin cuta da ke shiga bayan an haihu. Duk ɗin nan akwai abin yi in an kama da wuri.

A 2009 gwamnatin tarayya ta fito da shirin ungozomomi da ake kira MSS. Tsarin a takarda yana da kyau wallahi, an ɗauko sababbin ungozomomi da waɗanda ba su da aiki da waɗanda suka yi ritaya, aka ce kowane ƙaramin asibiti a ba shi guda 4 don a riƙa canjin aiki dare da rana, sannan kowane ƙananan asibitoci 4 a haɗa su da babban asibiti ɗaya da za su riƙa tura wadda abin ya fi ƙarfinsu. Alawus kuma aka raba uku, tarayya ta biya nata, jiha ta biya nata, ƙaramar hukuma ta ƙara nata ta kuma ba da wurin kwana. A nan ne aka samu matsala, don wurare da yawa kason jiha da na ƙaramar hukuma bai riƙa zuwa ba, ɗakin kwanan ma babu. Yarinya an ɗauko ta daga wata jiha mai nisa, wata ko Hausa ba ta ji, ba dangi ba ruwa ba wuta, haƙƙinta bai fito ba, don Allah me zai zaunar da ita? Da yawa suka tattara suka tafi, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Darasin shi ne a koyar da ƴar garin. An gwada hakan daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda ake ɗauko ƴan mata da matan aure daga ƙauyuka, waɗanda sakamakon jarrabawarsu bai kai ba, a yi musu shekarar share fage su cike gibin, sannan su shiga makarantar koyon aikin ungozoma da sharaɗin za su dawo gida su yi aiki. Wadda gidan ubanta ko na mijinta ke nan bayan asibiti ba sai an nema mata ɗaki ba, kuma maigidan da yake ƙyamar namiji ya duba iyalinsa ba zai hana ta zuwa wajen ƴar maƙwabcinsa ba. Amma fa iyayenmu, wannan sai kun bar yaran sun gama sakandare. Ba zai yiwu mu ce muna son mace ta karɓi haihuwar matanmu ba alhali mun cire ƴaƴanmu mata daga makaranta tun suna aji 2. In kuma sun gama, jiha ta ɗauke su aiki da albashi na dindindin, kada a bar su suna aikin sa kai.

Sai batun awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikaciyar lafiya aƙalla sau 8, a da sau 4 ne. Ni abin da nake so a gyara shi ne a raba unguwanni, kowace ungozoma ta san nata matan, sunansu na cikin littafinta, ta san watan kowacce, in wata ba ta zo awo ba a bi ta gida. Wadda ta saba da ke ita ce za ta gaya miki kanta na ciwo, idonta na ganin dishi-dishi, ƙafa ta kumbura, ke kuma ki auna jini ki gane hawan jini ne kafin ya zama jijjiga. Mai cikin fari kuwa kun san halin kunya, tana iya kwana tana naƙuda a ɗaki ba ta ce uffan ba, irin wannan ne ke kai ƙananan yara ga yoyon fitsari. Baƙuwar fuska ba za ta ji wannan sirrin ba.

Ungozomar gargajiya kuma kada a kore ta, ita ake fara kira kafin kowa. A ja ta a jiki, aikinta ya zama rako, ta gane alamun haɗari ta kawo mace da wuri, a kuma ba ta ɗan abin sabulu in ta kawo.

Kayan aiki, a taƙaice. Allurar oksitosin ta tsayar da jini tana lalacewa a zafi, in babu firij mai sola to a tanadi ƙwayar misoprostol. Allurar magnesium ta jijjiga kada ta yanke. Akwai kuma wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu tana tara jinin ana ganin yawansa, an gwada ta a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororin aikin, sakamakon ya fito a 2023, kuma ya nuna in an gane zubar da wuri aka ba da magungunan gaba ɗaya a tare, mummunan sakamako na raguwa da kusan kashi 60. Kafin nan da ido ake kintata jini, ido kuma yakan raina shi.

Duk ƙwarewar ungozoma akwai inda za ta tsaya, in yaro ya zo a gicciye ko mabiyiya ta tare hanya sai tiyata da ƙarin jini. Don haka kowane gari ya san motar da za ta tashi cikin dare da lambar direban, kamar yadda direbobin ƙungiyar NURTW suka yi a wasu jihohin Arewa suna kai masu naƙuda. Ku kuma maza, ku ba da izini tun ciki na wata 7, ku gaya wa mahaifiyarku da ƙaninku cewa ko ba na nan in abu ya taso a tafi da ita, ku ajiye kuɗin mota, ku san ɗan uwan da zai ba da jini. Mata da yawa suna nan kwance ana jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko daga cirani.

Toh lokaci ya ja, an ce a bar minti 20 na tambayoyi. Iyaye mata da ke baya ku fara, a miƙa musu abin magana.