Me Ke Sa Shugaban Siyasa Ya Zama Babba?

(Laccar da aka gabatar a wani zauren taro a Zariya. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage maimaici.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, 'yan'uwa ɗalibai, barkanku da zuwa. An ce in yi magana kan abin da ke sa shugaban siyasa ya zama babba. Ma'aunin da zan riƙe guda ɗaya ne, kuma mai tsauri: bayan mutum ya sauka ko ya rasu da shekara ashirin, me ya bari da ke aiki ba tare da shi ba? Iya magana, kwarjini, cika filin taro, duk suna da amfaninsu lokacin zaɓe, amma da mai su ake binne su.

Ba sai mun yi nisa ba, mu tsaya a Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a watan Oktoba na 1962, Sardauna kuma an kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. Bai cika shekara huɗu yana kallonta ba. Ku lura da yadda aka haɗa ta, don a nan darasin yake. Ba daji aka share aka fara daga tushe ba. Hukumar Ashby, wadda ta binciki bukatun ilimi mai zurfi a Najeriya, ta ba da shawarar kafa jami'a a Arewa a rahotonta na 1960, gwamnatin Jihar Arewa ta yi doka, sannan aka tattaro abubuwan da suke tsaye da ƙafarsu: kwalejin fasaha da kimiyya da ke Samaru, cibiyar koyar da aikin mulki ta Kongo, tashar binciken noma ta Samaru, gonar dabbobi ta Shika, da kwalejin Larabci da addinin Musulunci ta Kano, wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero. Kowaccensu ta zo da malamanta da gine-ginenta da kasafinta. Shugaban farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne da aka ɗauko daga Ibadan. Wanda ya gaje shi a 1966, Ishaya Audu, likitan yara ne, Kirista, ɗan Arewa. Ba a tambayi masallacin da suke salla ba, an tambayi ko za su iya.

Kongo ɗin nan ma ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Da 'yancin kai ya matso, manyan kujerun aikin gwamnati a Arewa suna hannun Turawa, ƙwararrun 'yan ƙasa kuma mafi yawansu daga Kudu suke. Faɗin cewa za a mayar da aikin hannun 'yan Arewa abu ne mai sauƙi a kan mumbari. Abin da ya sa maganar ta zama aiki shi ne kwasa-kwasan da aka buɗe a Kongo a ƙarshen shekarun 1950, inda aka horar da jami'an mulki da ma'aikatan baitulmali da alƙalai. Kafin a sallami Baturen D.O. sai an sami wanda ya iya riƙe littafin haraji da zaman shari'a.

To me ya sa shugabannin yau ba su cika yin irin wannan ba? Lissafi ne, jama'a. Wa'adin gwamna shekara huɗu ne. Likita kuwa shekara shida yake yi a jami'a, ya ƙara shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Ma'aikaciyar jinya shekara uku, malamin da ke neman NCE shekara uku. Gwamnan da ya tura yara karatun likita a shekararsa ta farko, ba zai ga ko ɗaya a asibiti ba kafin zaɓe na gaba. Gadar sama kuwa cikin shekara biyu an yanke kyalle, an ɗauki hoto. Shi ya sa za ka shiga ƙauye ka tarar da asibiti sabo fil, fenti na ƙyalli, amma babu ungozoma, babu magani, babu kuɗin man janareta, domin an sa ginin a kasafin manyan ayyuka, ba a sa albashi da gyara a kasafin yau da kullum ba. Wanda ya yarda ya kashe kuɗi a kan abin da magajinsa ne zai buɗe, shi ne ya fara kama hanyar girma.

Sai kuma gaggawa. Janar Murtala Muhammed, tsohon ɗalibin Barewa, ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Cikin wata shida da 'yan kwanaki ya mayar da jihohi goma sha biyu zuwa goma sha tara, ya yanke shawarar mayar da babban birnin ƙasa Abuja. Wannan ba wanda zai ƙwace masa. Amma a lokacinsa ne aka kori ma'aikata sama da dubu goma, da yawa a rediyo suka ji sunansu, ba tuhuma a rubuce, ba damar kare kai. An kori ɓarayi, an haɗa da masu gaskiya. Waɗanda suka tsira suka fahimci cewa kujerar ba ta da tabbas, fansho ma haka, sai wasu suka fara tanadin gobensu tun suna kan aiki. Niyya ta yi kyau, hanya ta ɓata ta. Garaje ba ƙarfi ba ne, in ji Hausawa.

Gaskiya ita kaɗai ma ba ta isa ba, ko da yake wannan magana ba ta yi wa wasunmu daɗi. Alhaji Balarabe Musa ya ci gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1979 a jam'iyyar PRP, ya soke haraji da jangali, kuma har abokan hamayyarsa ba su cika musun tsabtar hannunsa ba. Amma majalisar dokokin jihar tana hannun NPN. Tsarin mulki ya ce sai majalisa ta amince kafin a naɗa kwamishina. Ya aika sunaye, suka mayar, ya sake aikawa, suka sake mayarwa. Ya yi kusan shekara biyu ba kwamishina ko ɗaya, a watan Yunin 1981 suka tsige shi. Za ku ce majalisar ce ta yi zalunci, ni ma ban wanke ta ba. Sai dai shugaban da ke son manufarsa ta zama doka dole ya iya ƙidaya ƙuri'un majalisa tun ranar rantsuwa, ya san abin da zai iya sassautawa da abin da ba zai taɓa sayarwa ba.

Wani zai tambaya, to wanda bai taɓa riƙe gwamnati ba fa? Ma'aunin bai sauya ba. Malam Aminu Kano bai yi gwamna ba, bai yi shugaban ƙasa ba. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garin nan, ta sha ɗauri da duka a kan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu, da kan 'yancin mata. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, matan Arewa sai a na 1979, shekara ashirin tsakani. Yau babu ɗan takarar da zai tsaya a Tudun Wada ko Sabon Gari ya ce a mayar da mata gida ranar zaɓe, layinsu ma yakan fi na maza tsawo.

Lokaci ya ƙure, ga shugaban taro yana ɗaga mini hannu. Masu tambaya su rubuto a takarda, za mu ɗauka bayan sallar La'asar.