Abin da ake dubawa kafin a sa hannu a takardar izinin aiki

An rubuto daga laccar da aka yi wa masu walda da ma'aikatan gyara a Tawa.

Assalamu alaikum. Shugabannin aiki da 'yan'uwana ma'aikata, duk wanda ya taɓa aiki a masana'antar siminti ta Malbaza ko a wata ma'ajiyar mai ya san akwai ayyukan da ba a fara su sai da takardar izini, kamar walda kusa da mai, da shiga tanki, da taɓa layin lantarki. Maganata yau a kan binciken da ake yi kafin a cike takardar take, domin na sha ganin an cike ta a ofis ƙarƙashin fanka, alhali mai sa hannun bai taka wurin aikin ba.

Mu ɗauki tanki. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin ɗari, kuma idan ya sauka ƙasa da 19.5 ba a shiga. Tankin da babu komai cikinsa ma yana kisa, saboda tsatsa kaɗai tana cinye oksijin a rufaffen wuri. Akwai kuma gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ya fi iska nauyi har yake kwanciya a ƙasa, kuma idan ya yi yawa yakan kashe jin warin kansa, sai mutum ya zaci ya wuce. Shi ya sa ake zura na'urar awo sama da tsakiya da ƙasan tankin, a kuma tsayar da mutum a bakinsa wanda aka hana shi shiga ko da ya ga ɗan'uwansa ya faɗi, domin sau da yawa mai ceto ne gawa ta biyu.

A ranar 6 ga Yuli 1988, dandamalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, kusa da Birtaniya, ya kama da wuta, mutum 167 suka rasu. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo, wato abin da ke sakin matsi idan ya yi yawa, sun rubuta takardarsa. Da dare famfo na biyu ya tsaya, masu aikin dare ba su ga waccan takardar ba, sai suka kunna na farkon, gas ya fito ta inda aka cire bawul ɗin ya kama da wuta. Takarda tana nan, ku lura, amma bayanin bai kai ga mai kunnawa ba.

Saboda haka izini na lokacinsa ne. In ma'aikata sun canja, ko iska ta juya tana kai tartsatsi wajen ganguna, ko zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya fara jigata wanda ke cikin tanki, a tsaya a sake dubawa. Batun lantarki kuwa, faɗar "na kashe" ba ta isa ba. Mai gyara ya sa nasa kwaɗon a makunni, makullin yana aljihunsa, sannan ya gwada wayar kafin ya kai hannu.